Tohon da Na Fizge a Lambun Auta

Ni ban so zuwa lambun nan ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Matata ce ta kafe, 'yata kuma ta riƙa bina da idon nan nata da ba na iya ce wa a'a. Sai ga ni ranar Asabar da safe a cikin motar haya, an matse ni a jikin taga, muna tafiyar awa biyu zuwa bayan gari don a nuna mini aikin ƙanena.

Sana'ata renon dashe. Ina da fili a bakin titi, taku arba'in a tsaye, ashirin a kwance, na kewaye shi da waya na rufa rabinsa da raga. A nan nake jera baƙaƙen ledoji na lemu da mangwaro da gwaiba, in yi musu aure da hannuna in sayar. Ga wanda bai san aikin ba, auren bishiya shi ne ka ɗauko reshe ko ido, wato ɗan kumburin da toho ke fitowa ta cikinsa, daga bishiya mai 'ya'ya masu kyau, ka dasa a jikin wata mai ƙarfin saiwa, ka ɗaure har su haɗe. Ta ƙasa ta ba da saiwa, ta sama ta ba da 'ya'ya. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina yi, kuma ba yabon kai ba, in na aurar da goma sai tara sun kama.

Ƙanena, da muke kira Auta, a hannuna ya koyi riƙon wuƙa. Har yanzu akwai tabo a babban yatsansa na hagu, na ranar da na ce ya yanka waje ya yanka ciki. Daga baya kansa ya ɗauki karatu, nawa bai ɗauka ba. Ya yi digiri, ya ɗora wani a kai, ya haye jirgi ya dawo da tabarau. Yau shi ne shugaban masu kula da tsirrai a wani ƙaton lambu da ake tara itatuwan duniya, mutane na tururuwa zuwa kallo, ma'aikata kuma na ce masa Dakta. Ranar da aka ba shi aikin na yi masa murna a gaban jama'a har da runguma. Da na koma gida ban iya cin abinci ba.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye, don na saba. 'Yata ce matsalar. 'Ya'yana uku, maza biyun ɗaya direba ne ɗaya mai gyaran waya, ko ganyen lemu da na gwaiba ba sa bambantawa. Ita kuwa, da muke kira 'Yar Baba, tun ba ta kai tsayin bokiti ba take bina fili. Ita ke cika leda da ƙasa, ita ke riƙe mini zare. Da ta gama makarantar aikin gona na riga na tsara komai a raina: za ta karɓi filin, ni in koma kan benci ina ba da umarni, ranar da na mutu kuma ba za a sauke allon sunana da ke bakin titi ba. Sai Auta ya ce ta riƙa zuwa wurinsu duk Laraba tana ƙara ganin aiki. Na ce to, ina ganin wata ɗaya za ta yi ta gaji da hanya. Wata shida ta yi tana zuwa. Daga nan aka ba ta takardar ɗaukar aiki, aka ce ta kai amsa ranar Litinin.

"Sai abin da Baba ya ce," in ji ta, ta ajiye takardar a gabana.

Abin da Baba zai ce kuwa a'a ne, dalilin da zan jingina shi da shi kawai nake nema. Shi ya sa na yarda na shiga motar. Na ce a raina babu lambun da ba shi da aibu, kuma idona bai taɓa tsallake aibu a jikin bishiya ba. In na nuna mata guda ɗaya da yatsa, ta ga baffan nata da tabaransa bai gani ba, magana ta ƙare.

Auta na jiranmu a bakin ƙofa da farar riga. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, amma ko wannan bai yi mini daɗi ba, don na ga masu gadi biyu sun kalli juna, kamar suna tambayar wane ne wannan tsohon da Dakta ke durƙusa wa.

"Yaya, sannu da hanya. Yau dai Allah ya yi."

"Ai ɗauko ni aka yi kamar kaya," na ce.

Ya yi dariya, ya nuna mini wani faffaɗan tire a ƙasa mai soso jiƙe da ruwan magani. "Sai ka ɗan taka nan, Yaya."

"Takalmin nawa ne ke da cuta?"

"Kowa na takawa, har ni. Daga wani lambun ka fito, ƙasa kan ɗauko abin da ido ba ya gani."

"Baba, ni ma kullum sai na taka," in ji 'Yar Baba.

Na taka. Na taka da ƙarfi har ruwan ya fantsama a wandon Auta, ban kuma ce ya yi haƙuri ba.

To, gani ya kori ji. Ina shiga na ja na tsaya. Ciyawa ce kore shar ta miƙe daga inda nake har inda ido ya gaji, an aske ta daidai wa daida, ba tudu ba kwari. Hanya ta ratsa tsakiya, dabino iri-iri a jere dama da hagu, wasu dogaye siririya, wasu masu ciki kamar randa. Can ƙasa ga tafki da furen bado fari da ja, da 'yar gadar katako a kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Wasu ƙananan famfuna ne ke ɓullowa daga cikin ciyawa su yi ta juyi suna feshi, ba mai riƙe su, ba mai kallonsu. Ni da nake jan guga sittin kowace safiya kafin rana ta fito, na tsaya ina kallon ruwa na wasa da kansa, na ji kishi ya taso mini.

"Malam, ka ga ikon Allah!" in ji matata. "Wai duk Auta ne ke kula da wannan?"

"Shi da mutum saba'in," na ce. "Ni ma a ba ni mutum saba'in mana."

Kowace bishiya da ɗan allonta a gindi, an rubuta sunanta da ƙasar da aka ɗauko ta. Na rantse a raina ba zan karanta ko ɗaya ba. Ni da nake gane bishiya da ƙamshin ganyenta, allo ne zai gaya mini? Na riƙa tafiya hannu a baya, kai a sama, ina neman busasshen reshe, ko ganye mai tabo, ko yankan da aka yi a karkace. Na duba gindin itatuwa ko an binne wuyansu da ƙasa. Na tura yatsa cikin taki ko bai ruɓe ba. Wallahi har ƙasan ganye na leƙa ina addu'ar in ga ƙwaro. Ban samu ko ɗaya ba.

Ita kuwa 'Yar Baba tana gaba kamar gidan ubanta. Ta san kowace kwana. Ma'aikata na wucewa da baro suna gaishe ta, wani dattijo mai almakashi har ya tsayar da ita yana tambayarta ko a rage wa wata shuka ruwa. Ta duba ta ce a rage, ya ce to. Kowace magana tata kuma da "Baffa ya ce" take farawa. Baffa ya ce wannan gorar a rana ɗaya takan ƙara taƙi guda. Baffa ya ce wannan itacen sai ya shekara ashirin yake fure. Na fara ƙirgawa, da na kai sha ɗaya na daina don kada zuciyata ta buga. Shekara ashirin ina koya wa yarinyar nan aiki, ban taɓa jin ta tsaya gaban mutane ta ce Baba ya ce ba.

Muka shiga wani ɗaki na gilashi zalla, mai zafi da laima, gumi ya karyo mini nan take. Ga furanni rataye a jikin ɓawon itace, ba ƙasa ba tukunya, suna rayuwarsu. Ga wani tsiro mai baki kamar ɗan tulu, Auta ya ce ƙwari yake ci, duk wanda ya faɗa ciki ba ya fitowa.

"Wannan ai ɗan'uwan Malam ne yau," in ji matata. "Duk wanda ya matso sai ya haɗiye shi."

Suka yi dariya su uku. Na ce, "To duk wannan me ake yi da shi? Bishiya dubu, ba ko ɗaya da mutum zai tsinka ya kai wa iyalinsa."

"Ajiya ce, Yaya," in ji Auta. "Wasu daga cikinsu sun ƙare a inda aka ɗauko su. In ba a ajiye a nan ba, shi ke nan."

"Uhm," na ce. Amsar ta yi kyau, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Da muka fito matata ta ja ni gefe ta rage murya. "Malam, fuskarka na tona maka asiri. Hassada ga mai rabo taki ce, kai kuma ka fi kowa sanin aikin taki."

"Wa ya ce miki hassada nake yi? Zafi ne."

"To Allah ya kawo sanyi."

Rana ta take tsaka muka isa sashen lemu. A nan na ji numfashina ya dawo, don an zo fagena. Lemu iri ya fi arba'in, mai zaƙi da mai tsami, mai ɓawo mai kauri da wanda bai fi ƙwallon goruba ba. Muna shiga wani ma'aikaci ya zo da sauri ya ce ana neman Dakta a ofis, Auta ya ce mu ba shi minti goma. Matata ta ce ƙafarta ta gaji, 'Yar Baba ta raka ta wani benci a ƙarƙashin inuwa can gefe. Aka bar ni ni kaɗai da itatuwa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba wurin aure. Duk an yi su da kyau, har na fara fid da rai. Sai a can ƙarshen layi na hango wata tsohuwar bishiya, gajera, karkatacciya, ɓawonta duk ya tsattsage, an kewaye ta da 'yar igiya a kan turaku huɗu. Na matsa. A ƙasan kumburin aure, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ga toho ya fito, kore shar, ya kai kamu guda, kaurinsa kamar fensir, da ƙayoyinsa da komai.

Duk mai renon dashe ya san wannan, shi ne karatun farko. Tohon da ya fito a ƙasan aure ɓarawo ne. Na saiwa ne, ba na bishiyar kirki ba, in ka bar shi zai shanye ruwan ta sama har ta mutu. Kuma ba a yanke shi da wuƙa, don in ka yanka zai dawo da 'yan'uwa uku. Fizge shi ake yi ƙasa, har da ɗan dunduniyarsa, yadda ba zai sake fitowa ba. Toho kamar wannan ya yi wata uku yana girma. Wata uku, a lambun da ke da mutum saba'in da Dakta a kansu! Akwai allo a gindin bishiyar, ya ma fi sauran girma, amma ban ko kalle shi ba. Na tsallake igiyar, na kama tohon, na fizge shi ƙasa da ƙarfi ɗaya. Ya fito da dunduniyarsa tsaf, aiki na gwani.

Tun da na shigo lambun sai a lokacin na yi murmushi. Na ɗaga shi sama na ƙwala kira.

"'Yar Baba! Zo ki ga aikin masu digiri!"

Ta taso tana murmushi ita ma, don ta ga fuskata ta saki. Na fara tun kafin ta iso. "Me na koya miki tun kina shekara bakwai? Toho a ƙasan aure, me ake yi masa? Ga shi nan an bar shi har ya yi ƙaya, ana ta feshin ruwa ana rubuta allo. Wurin da kike so ki bar ubanki ki zo ke nan?"

Ta tsaya cak. Ta dubi hannuna, ta dubi gindin bishiyar inda farin rauni ke tsatsar ruwa. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba," ta ce. "Baba, me ka yi?"

"Abin da ya kamata a yi tun wata uku."

"Ba ka karanta allon ba?"

Sai a lokacin na sunkuya. An rubuta da manyan baƙaƙe, da jan fenti: KADA A TAƁA TOHON ƘASA.

Ta durƙusa a gindin bishiyar tana magana, ba ni take kallo ba. Ta ce saman bishiyar lemu ne na banza, irinsa na ko'ina. Saiwar ce abin nema. Wani lemun daji ne da mutanen zamanin baya suke yin auren bishiya a kansa, ba ya jin fari, ciwon saiwa ba ya kama shi. An neme shi an rasa, sai wannan ɗaya da aka tono daga wata tsohuwar gona da aka yi watsi da ita. Shekara huɗu suna jiran ya yi toho don su samu irinsa, ya ƙi. Ita ce da hannunta ta tsaga ɓawon a ƙasan aure don ta tilasta shi, sau uku tana gwadawa, a na uku ya fito. Duk Laraba sai ta auna shi ta rubuta. Saura wata biyu ya ƙosa a ɗebi ido a jikinsa.

"Kuma da dunduniya ka cire," ta ce. "Ba zai sake fitowa a nan ba."

"Na sani," na ce. Ni na koya mata hakan.

Matata ta iso tana salati. Bayanta ga Auta yana tafe da sauri. Ya dubi bishiyar, ya dubi abin da ke hannuna, ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Na tsaya ina jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi, da na samu abin riƙewa, in ce yaron da na goya ya yi mini rashin kunya a gaban iyalina. Bai ba ni wannan ba. Ya mai da tabarau ya ce a hankali, "Yaya, duba mini shi. Akwai idon da ya nuna?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata, amma hannu ya san aikinsa ko da mai shi ya rikice. Na murza tohon tsakanin yatsu. Sama ɗanye ne sharaf, ba abin da za a yi da shi. Ƙasa ya fara tauri, ya fara zagaye.

"Huɗu," na ce. "Na biyar ɗin sai dai a gwada. Amma yanzu, kafin ya sha iska. Kuna da ƙananan itatuwan lemun tsami da ɓawonsu ke saki?"

"Muna da su."

Na ciro hankicina na jiƙa a famfo na naɗe tohon. Muka bi wata 'yar hanya ta bayan shinge zuwa inda suke renon dashensu. Ko a cikin wannan hali sai da idona ya ga tebura na ƙarfe, da rumfa mai tsayi, da ledoji a jere kamar an sa ma'auni, sai da raina ya sosu. Na bi layi ina gwada ɓawo da farce har na zaɓi biyar. Na ciro wuƙata daga aljihu. Kafin in buɗe ta sosai 'Yar Baba ta miƙo hannu ta karɓa, ta goge bakin da auduga mai ruwan magani, ta miƙo mini. Ban taɓa koya mata wannan ba.

Na datse ganyen tohon na bar 'yan kara. Na tsaga ɓawon ɗan lemun tsami na farko, tsaye da kwance, na buɗe leɓɓansa. Na yanko ido na farko da yanka ɗaya, siriri kamar ƙwayar kabewa, na zura shi ya zauna daram. 'Yar Baba ta ɗaure da zaren leda daga ƙasa zuwa sama, ta bar idon a waje yana leƙe. Ma'aikata uku sun taru a bayanmu, na ji ɗaya na raɗa wa ɗan'uwansa cewa bai taɓa ganin yanka mai tsabta haka ba. Da safe da na ji wannan da na kumbura kamar an hura ni. Yanzu kuwa ɓarnata nake ɗinkewa, yabon bai wuce kunnena ba.

Na yi na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar, ɗanyen nan, hannuna ya fara rawa. Na tsaya na ja numfashi, na sake ɗora wuƙa, ya ƙi tsayawa.

"Kawo, Baba," in ji ta.

Na ba ta. Ta yanko shi ba ta ko ƙifta ido ba, ta zura, ta ɗaure. Riƙon wuƙar nawa ne, tsayuwar ma tawa ce, har yadda take cije leɓe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na dubi Auta na ga yana kallonta da alfahari kamar shi ya haife ta, na ji kamar in shiga tsakaninsu in tare masa gani.

"Alhamdu lillahi," in ji Auta. "Sai mu jira sati uku. Zan sa ma'aikata su kula da su."

"Waɗanne ma'aikata?" na ce. "Masu feshin nan? Ɗigo ɗaya ya shiga ɗaurin nan ido ya ruɓe. A gindi ake zuba musu ruwa, da kofi, da sassafe. A juya su daga rana kafin hantsi. Idon bai ƙosa ba, kullum sai an duba shi, in zare ya fara cin ɓawo a sassauta, in ya yi sako-sako a ƙara. Wanda bai san ɗaurina ba ba zai gane ba. Ba ranar Laraba kaɗai ba, kullum. Wannan aikin mutum ɗaya ne ya iya shi bayan ni."

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Matata ta sunkuyar da kai. Auta ya juya yana gyara wata leda da ba ta buƙatar gyara. 'Yar Baba na tsaye da wuƙata a hannu tana kallona.

Na nemi hanyar janye maganar na rasa. In ce ni zan riƙa zuwa? Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, wa zai ja mini guga sittin? In ce a ba ni su in tafi da su gida? Bayan abin da na yi, ko ganye ba ni da bakin roƙa. Na zo neman dalilin da zan hana ta, na ƙare da ƙera dalilin da zai sa ta zauna, da hannuna, har guda biyar.

Ba mu ƙarasa zagayen ba. Auta ya ce akwai sashen tsirran hamada da ba mu gani ba, na ce na ga abin da ya ishe ni. Suka rako mu bakin ƙofa, muka tsaya jiran mota a inuwar shinge. Auta ya ja matata da hira can gefe don ya ba mu wuri.

"Ki zauna gidan baffanki," na ce mata. "Uwarki za ta aiko miki da kaya gobe. Takardar kuma ki kai musu ranar Litinin."

Na faɗa ne ina jira. Ina jira ta ce a'a Baba, sati ukun kawai zan yi in dawo. Ko ta ce wa zai cika maka leda, wa zai riƙe maka zare, idonka ba ya gani sosai da yamma. Ko da ba ta nufa ba, ko don ta faranta mini. Na riga na shirya amsar da zan ba ta, in ce kada ki damu da ni, ki yi aikinki. Ina so in samu damar faɗin wannan.

"To, Baba," ta ce. "Na gode, Baba."

Fuskarta ta yi haske, ta yi ƙoƙarin ɓoyewa ta kasa. Ta miƙo mini wuƙata, ta durƙusa ta yi mini Allah ya kiyaye hanya.

Mota ta zo muka shiga. Matata ta zauna kusa da ni ba ta tsokane ni ba, wanda a wurinta babban jinƙai ne. Da direba ya tayar na juya ta gilashin baya don in ɗaga wa 'yata hannu. Ba ta bakin ƙofa. Na hango ta can ciki ta riga ta yi nisa, tana sauri zuwa wurin dashen tana duban inda rana ta karkata, baffanta na biye da ita yana ƙoƙarin cim mata. Na riƙe hannuna a sama har muka sha kwana, ko za ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba.